Arzikin Da Ke Cikin Funfuna

A 1927 ne za a ce Kafanchan ta soma shahara, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta iso ta, ta zama mahaɗar da 'yan Arewa ke ratsawa zuwa Kurmi neman abinci. Amma a 2023 labarin da ya riƙa isa Legas da Ibadan daga can na baƙin ciki ne. Wata cutar funfuna ta auka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko, ta ruɓar da amfanin manoma masu yawan gaske.

To, funfuna iri-iri ce. Akwai mai ɓarna, akwai kuma wadda masana'antu ke saye da tsada saboda sinadarin da take fitarwa, wanda ake kira enzayim, mai narkar da sitaci ya koma sukari, ko ya cinye maiƙo a tufafi. Tun 1894 wani Bajapane, Jokichi Takamine, ya yi rajistar irin wannan sinadari a Amurka. A 1988 kamfanin Novo na ƙasar Denmak ya fito da wani na garin sabulu, wanda asalinsa daga funfuna ce mai son zafi. Irin wannan funfuna cikin juji da tarin taki mai turiri take rayuwa, a zafin da ya kai digiri 50 ko fiye, don haka sinadarinta ba ya saurin lalacewa a tukunyar masana'anta.

A 1988 ɗin ne gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, masana'antun lemo da na giya suka koma ga dawa. Sai dai dawa ba ta narkewa sosai sai an ƙara mata enzayim, shi kuwa daga waje ake sayo shi. Ke nan dawar ta manomin gida ce, wani kaso na ribar kuma na baƙo.

Kudancin Kaduna yana da dusar masara da ɓawon rogo, waɗanda su ne abincin funfunar, yana kuma da reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan. Ya kamata gwamnatin jiha ta ba malaman kuɗi da wutar lantarki tsayayya, su tattaro funfunar yankin, su auna zafin da sinadarin kowace ke jurewa, su kuma ware masu dafi, domin akwai irin da ke sa wa gyaɗa guba. Cibiyar FIIRO ta Oshodi tana iya taimaka musu.

Ƙungiyoyin 'yan Arewa na Agege da Sabon Ibadan su ma suna da abin yi. Su matsa wa wakilansu na majalisa, su kuma ɗauki nauyin karatun ɗalibi ko da guda ne a wannan fanni. Allah ya sa a ji.