A San Yadda Ake Yin Doka Tun Kafin Ta Hau Kanmu

Edita,

Ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in jawo hankalin 'yan uwana manoma da 'yan tireda game da aikin Majalisar Wakilai ta Tarayya. Mu dai ba mu jin labarin doka sai ta riga ta hau kanmu, sannan mu yi ta ihu bayan hari.

Majalisar nan tana da wakilai 360, kuma 15 daga cikinsu 'yan jihar Katsina ne. Ƙudirin doka yakan fito daga shugaban ƙasa ko daga wani ɗan majalisa. Karatu na ɗaya sunansa kawai ake ambata, babu muhawara. A karatu na biyu ne ake tafka mahawara a kan manufarsa, in ya sami rinjaye a miƙa shi ga kwamiti. To jama'a, nan ne gaɓar da ta shafe mu, domin kwamiti yakan kira zaman jin ra'ayin jama'a, kowace ƙungiya tana iya zuwa ko ta aika da takarda. Daga nan sai a bi rahoton kwamiti sashe-sashe, a yi karatu na uku, a aika wa Majalisar Dattawa. In an sami saɓani sai majalisun biyu su kafa kwamiti ya daidaita. Tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa suna iya zartar da abinsu, kamar yadda suka yi wa Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Dalta.

Ga misali na kusa. A watan Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya aika da ƙudirori huɗu na gyaran haraji. A ciki an nemi a ƙara harajin VAT daga kashi 7.5 zuwa kashi 10, a kuma sauya yadda ake rabon kuɗinsa tsakanin jihohi. Gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda ba, malamai da ƙungiyoyi su ma suka yi magana. Da majalisa, ƙarƙashin Kakaki Tajudeen Abbas na Zariya, ta amince da ƙudirorin a watan Maris na 2025, sai ta bar harajin a kashi 7.5, aka kuma gyara tsarin rabon. Shugaban ƙasa ya sa hannu a watan Yunin 2025. Da kowa ya yi gum, ai da ƙarin ya wuce, kuma mai sayen kaya a kasuwa ne zai biya.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma na Katsina, su sa mutum guda mai bin labarin majalisa a rediyo da jaridu. Duk ƙudirin da ya taɓa haraji, taki ko filaye, a rubuta matsaya a kai wa wakilinmu tun yana gaban kwamiti, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma in wakili ya zo gida, kada a tsaya ga buhun shinkafa da babur. A tambaye shi ƙudiri nawa ya kai, a wane kwamiti yake, kuma me ya ce ranar da aka yi maganar haraji.

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin kukan talaka, amin.

Naku,
Mai karanta jaridarku,
Ƙofar Guga, Katsina.