Wa Zai Riƙe Jan Alƙalami?

Tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, an sha guɗa, an sha jawabai, an kuma tayar da wani tsohon kuka da kunne ya gaji da shi: wai waya da kwamfuta sun lalata rubutun Hausa. Yara ba su san ƙugiyar ƙ ba, manya na haɗe kalmomin da ya kamata a raba, allunan kasuwa cike suke da rubutun da ba Hausa ba, ba Faransanci ba. Kukan gaskiya ne. Sai dai masu yin sa, wato malamai da marubuta da masana harshe, su ne ke riƙe da maganin a aljihu, kuma yawancinsu ba su taɓa fiddo shi ba. Na'ura ba ta ƙirƙiri kuskure ko ɗaya ba. Abin da aka zuba mata shi take aunawa, kuma na Hausa ba a zuba mata abin kirki ba.

Masu rubuta manhajar kwamfuta sun riga kowa gane wannan. A 1978 wani masani mai suna Stephen Johnson, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, ya ƙera wata ƴar manhaja da ya kira lint, sunan ɓurɓushin kaɗar nan da ke maƙale wa tufa. Aikinta shi ne ta bi rubutun umarnin da aka yi da harshen C layi bayan layi, ta nuna wurin da marubucin ya yi sakaci tun kafin sakacin ya zama ɓarna. Daga ita aka samu zuriya mai yawa: Pylint don harshen Python, ESLint da Nicholas Zakas ya fara a 2013 don JavaScript, da sauransu. Mafi yawan waɗannan matsefan buɗaɗɗu ne, ma'ana kowa na iya duba cikinsu, ya kwafa, ya gyara, ya mayar da gyaran ga jama'a.

Yadda ake kai gudummawar shi ne darasin. Mutum yana aiki sai matsefin ya ja masa layi a wurin da babu laifi, ko ya tsallake laifin da ya kamata ya kama. Ba ya zama yana tsinuwa. Sai ya aika da rahoto, ya ce ga abin da aka rubuta, ga abin da manhajar ta ce, ga abin da ya dace ta ce. In yana da hali, ya rubuta ƙa'idar da kansa, ya haɗa da misalan gwaji iri biyu: waɗanda dole a kama, da waɗanda dole a ƙyale. Masu kula da manhajar su duba, su yi masa gardama a bainar jama'a, su karɓa ko su mayar masa ya sake. Ƙa'ida ɗaya, mutum ɗaya, yini ɗaya. Da haka tulin ya taru. Bahaushe ya san wannan tsari tun kafin a ƙera kwamfuta, sunansa gayya.

Harsunan mutane ma suna da nasu matsefan, kuma a kan wannan tsarin aka gina su. Hunspell, wanda László Németh na ƙasar Hangari ya ƙera, shi ke jan layi a ƙarƙashin kalmomi a LibreOffice da Firefox da Chrome. LanguageTool, wanda Daniel Naber ya fara a Jamus a 2003, yana duba nahawu a harsuna kusan 30. Masu Faransanci na da Grammalecte, kyauta. A cikin harsunan da LanguageTool ke dubawa akwai Breton, harshen wani lungu na yammacin Faransa, wanda masu jin sa ba su kai dubu 250 ba. Hausa, mai masu magana sama da miliyan 50, harshen fiye da rabin al'ummar Nijar, ba ta ciki. Babu sarkin da ya hana ta shiga, babu kamfanin da ya rufe mata ƙofa. Breton ya shiga ne don an samu masu kishin da suka zauna suka rubuta ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an biya su ko dala ba.

Uzurin farko da ake kawowa shi ne wannan aikin injiniya ne, malamin aji ba ya da ta cewa. Wanda ya faɗi haka bai taɓa buɗe ƙamusun Hunspell ba. Fayil biyu ne kawai. Na farko jerin kalmomi ne, kowace a layinta, kamar sunayen ɗalibai a rajista. Na biyu ƙa'idojin ɗafi ne, waɗanda ke gaya wa na'ura cewa daga gida ana samun gidan, gidana, gidanka, gidanki, gidansa, gidanta, gidanmu, gidanku, gidansu. Daga riga kuma rigar, rigata, rigarka. Daga tushen say- ana samun saya, sayi, saye, sayo, sayar, sayu. Wane injiniya ne zai san cewa jam'in gona gonaki ne, na ƙasa ƙasashe, na sarki sarakuna, in ba ya tambayi mai harshen ba? Kaso mafi girma na aikin nahawu ne tsagwaronsa, abin da malamin Hausa ke rubutawa a allo kowace safiya, ya goge da rana.

Ƙa'idojin ma ba sai an ƙirƙiro su ba. An zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, an sake zama a Yamai a Janairun 1980 don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, sannan a 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da haruffan Hausa da ƙa'idar rubuta su. Abin da aka daddale a takarda shi ake so a mayar ƙa'idar na'ura: yana da yake da suka a haɗe, za su da za a a rabe, ne da ce su tsaya da ƙafarsu, kuma su bi jinsi, kada a ce mota ne. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'ida ce da LanguageTool zai iya ɗauka cikin ƴan layuka, da misalin kuskure da misalin daidai, kamar dai yadda masu ESLint ke yi.

Akwai kuma wurin da jerin kalmomi kaɗai ba ya isa, kuma nan ne ake bukatar gwanin harshe. Kura kalma ce, ƙura kalma ce. Kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, bata da ɓata, karya da ƙarya, duk halattattu ne. Na'urar da ke duba kalma ita kaɗai ba za ta ga laifin wanda ya rubuta cewa iska ta tayar da kura ba. Sai an koya mata maƙwabtan kalma: abin da iska ke tayarwa ƙura ne, abin da ake shugabanta ƙasa ce, abin da ake shararawa ƙarya ce. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna cikin ma'aunin Unicode tun farkon shekarun 1990, saboda haka ba rashin harafi ke damun Hausa ba. Rashin mai zama ya jera irin waɗannan misalan ne.

To, ina ruwan Gazawa da Agye da Gidan Rumji da wannan? Ruwansu ya fi na kowa, domin wanda ya rubuta jerin kalmomi shi ke yanke hukuncin abin da ake kira Hausa. Malami na gyara littattafan aji ɗaya. Matsefin da ke cikin waya na gyara rubutun miliyoyi, dare da rana, ba ya gajiya, ba ya jin bayani. In aka bar jerin a hannun masu kishi na Kano da Zariya su kaɗai, za su zuba abin da suka sani, kuma ba za a ga laifinsu ba. Amma ranar da ɗalibar Gangara ta rubuta hura, ko hita, ko ɗiya, ranar da Bagobirin Tibiri ya rubuta munka zo, ranar da aka rubuta lakwal, mushe, kaye, ko jika biyar, jan layi zai fito ya ce mata harshen uwarta kuskure ne. Har harafin ƴ, wanda ƙa'idar Nijar ta tanada a inda Nijeriya ke sa waƙafi a saman y, zai iya zama abin tuhuma. Yaro ba ya musu da na'ura. Shekara goma na irin wannan jan layi za su yi wa karin harshen jahar Maraɗi abin da shekara sittin na makarantar Faransa ba su yi ba.

Sannan kurakuran ɗan Nijar ba irin na ɗan Nijeriya ba ne. Wanda ya fara riƙe alƙalami da Faransanci yakan rubuta ou a wurin u, tch a wurin c, dj a wurin j, ch a wurin sh, gui a wurin gi. Shi ya sa ake ganin tchiniki da guida da kouka, shi ya sa Cadawa ta zama Tchadoua a taswira, Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji. Hunspell na da wani ɗan jadawali na musanya, inda ake rubuta cewa in an ga kaza a gwada kaza. Layi biyar a wannan jadawali za su sa na'ura ta miƙa wa yaro ciniki da gida da kuka. Ba wanda zai rubuta layukan nan biyar sai wanda ya shekara yana ganin kuskuren a takardun jarrabawa. Hanyar kuma a buɗe take: kamar yadda Ingilishin Amurka da na Ingila ke da ƙamus daban-daban a Hunspell, haka ma'aunin harsuna na duniya ya san ha-NE, Hausar Nijar, kusa da ha-NG.

A nan sai a yi hattara da wani ɓangaren, masu son mayar da matsefi bulala. Akwai masu ganin cewa daidaitacciyar Hausa ɗaya ce tak, duk abin da ya saɓa mata a soke. Masu manhaja sun fi su hikima. A ESLint kowace ƙa'ida na da matsayi uku: a kashe ta, ta yi gargaɗi, ko ta ce kuskure. Daki a maimakon ɗaki kuskure ne, a ja masa layi. Hura a takardar gwamnati gargaɗi ya ishe ta, a tuna wa marubuci cewa daidaitaccen rubutu fura ne. Hura a bakin tsohuwa cikin ƙagaggen labari kuwa, a kashe ƙa'idar, a bar ta ta sha abarta. Matsefin da bai san bambancin nan ba zai kori marubuta, matsefin da ya karɓi kome kuma bai tsefe kome ba.

Uzuri na biyu sabo ne: wai manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun iso, za su gyara kome, a huta. Waɗannan manhajoji daga rubutun da ke intanet suke koyo, kuma kowa ya san halin rubutun Hausa a can: rabi babu ƙugiya, mafi yawa daga kudancin iyaka. Abin da aka shuka shi ke tsira. Bayan haka, in irin wannan manhaja ta yi kuskure, ba a san layin da za a buɗe a gyara ba. Ƙa'idar buɗaɗɗen matsefi kuwa a rubuce take, da dalilinta da misalinta. Malamin Agye na iya nuna ta da yatsa ya ce wannan ba haka ba ne, a yi muhawara, a canza.

Uzuri na uku shi ne talauci: babu wuta, babu intanet, ciki bai ƙoshi ba balle a yi ta ƙugiya. Amma harshen ƙasa zai shiga takardar asibiti, da bayanin maganin ƙwari, da takardar sayen gona, wuraren da harafi ɗaya ke iya jawo asara ko shari'a. Tattara kalmomi kuma kaye da bik kawai yake bukata. Hunspell kansa ba ya neman intanet in an girka shi. Mutanen wannan yanki ba baƙin irin wannan aiki ba ne. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi, ciki har da na Ɗan Saga a gundumar Agye, suka riƙa barin tohon kututture a gonakinsu suna sassabe shi, kowa a gonarsa, har masu bincike suka ƙiyasta kadada miliyan 5 da suka farfaɗo a kudancin Nijar. Ba wanda ya jira injiniya.

Kayan aikin ma suna nan. Akwai ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. A wannan gefen akwai Ƙaramin Ƙamus na Abdou Mijinguini, da ƙamusun Hausa da Faransanci na shirin Soutéba na 2008, wanda aikin DiLAF ya ɗora a intanet. Abin da ake nema ga masu haƙƙin irin waɗannan ayyuka shi ne su saki jerin kalmomin, ko da babu ma'anoni, da izinin da zai bar kowa ya yi amfani da shi. Ƙamusun da ke kulle a kabad bai taɓa gyara wa kowa harafi ba.

Saboda haka a raba aikin. Cibiyar INDRAP ta fitar da ƙa'idojin 1999 ɗaya bayan ɗaya, kowace da misalin kuskure da na daidai. Sashen kimiyyar harshe na Jami'ar Abdou Moumouni ya ɗauki ɗafi da jam'i da aikatau. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankolodo ta Maraɗi su karɓi gina ƙamusun ha-NE a matsayin aikin kammala karatu, su miƙa shi inda ake miƙa na sauran harsuna. Malaman sakandare na Gazawa da Agye da Gidan Rumji kuma, kowa ya ware kaye ɗaya, ya riƙa rubuta kuskuren da ya fi maimaituwa a takardun ɗalibansa, da kalmar garinsu da bai gani a ƙamus ba. Malami ɗari, kalma goma a mako, shekarar karatu ɗaya: a yi lissafi. Jan alƙalamin nan dai sai an riƙe shi, ko da su ko ba su. Wanda ya ƙi zuwa gayya ba ya da bakin cewa an yi kunyar a karkace.