A Yanki Katin Inshorar Lafiya Tun Ciki Yana Ƙarami

A shekarun da na yi ina karɓar haihuwa, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a kawo mace daga wajen Maradun ko Bakura cikin dare, jini na zuba, likita ya ce sai tiyata, sannan maigida ya fita neman wanda zai sayi buhun shinkafarsa ko ragonsa. Kasuwar Mafara ranar Talata take ci, ita kuwa naƙuda ba ta jiran Talata.

Shi ya sa nake ganin maganar inshorar lafiya ta fi maganar kayan suna muhimmanci. Wasu na gudunta don suna zaton caca ce. Ni dai taimakekeniya nake ganinta: jama'a na zuba kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki, kamar yadda ake gayya a gona.

Hanyoyin ba ɗaya ba ne. Idan maigida ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana ƙarƙashin hukumar NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS da ta fara aiki a 2005. Tsarin ya ƙunshi shi da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma ana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. A nan ne gidajenmu ke tuntuɓe. Mai mata biyu ko uku sai ya ɗauka kowa na ciki, sai ranar da amarya ta zo haihuwa a duba a ga babu sunanta. Malam, ka je ka ƙara ta tun yanzu, ko da za ka biya ƙari.

A matakin jiha akwai hukumar ZAMCHEMA. Ga marasa ƙarfi kuma akwai asusun BHCPF, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanada, kuma masu juna biyu na cikin waɗanda aka fi ba fifiko. Wannan a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa ake tambayarsa. A watan Nuwamba na 2024 ma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi, amma a asibitocin da aka zaɓa.

Ba zan ɓoye muku ba, kati ba ya biyan kuɗin mota zuwa Gusau ko Sakkwato, ba ya kuma kawo wanda zai ba da jini. Wani lokacin ma a ce maganin ya ƙare, sai an saya a waje. Duk da haka, sayen magani ɗaya bai kai sayar da gona ba.

'Yar uwa, ranar awonki na farko ki riƙo lambar NIN ɗinki, ki tambayi ungozoma ko asibitin yana cikin tsarin, da kuma yaushe katin zai fara aiki, domin sau da yawa akwai lokacin jira bayan rajista. In an tura ki babban asibiti kamar namu, kada ki baro takardar turawa a gida; da ita za a karɓe ki a kan katin.