Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi

Tun shekara ta 1963 da aka kafa aikin yaƙi da jahilci a ƙasar Nijar, dubban magidanta maza da mata sun zauna gaban allo, sun koyi karatu da rubutu cikin harshensu. Da yawa sun ci moriyar abin. Sun rubuta wasiƙa ba tare da wani ya ji asirinsu ba, sun duba sikeli da idonsu ranar awon gujiya da kaɗa, sun riƙe lissafin ƙungiyar gari cikin kaye. Amma akwai wani aiki guda da alƙalami ke iyawa wanda har yanzu ba a ba shi haƙƙinsa ba, shi ne mutum ya rubuta labarin wuyar da ya sha da yadda ya fita daga cikinta.

Tarihin wani ɗan ƙasar Damagaram ya isa ya nuna darajar wannan aiki. An haifi Dorugu a Dambanas, kusa da Kance, wajen shekara ta 1840. Yana yaro aka kama shi bauta, aka sayar da shi har Kukawa ta ƙasar Barno. A can wani Bajamushe mai suna Overweg ya fanshe shi. Da Overweg ya rasu cikin 1852, sai yaron ya bi abokin tafiyarsa Barth, wanda mutane suka sani da Abdul Karim. Suka bi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato da Sayi har Tumbutu, kuma cikin 1855 suka ƙetare hamada da teku zuwa Ingila. A can Dorugu ya ba wani malamin mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Albarkacin wannan, yau ana jin muryar yaron da aka raba da gidansu, ana sanin abin da bauta take daga bakin wanda ya ɗanɗana ta.

Sai dai labarin ya tsaya a Ingila, lokacin da mai shi bai wuce saurayi ba. Dorugu ya komo ƙasar Hausa, ya rayu har 1912, ya rasu a Kano. Fiye da shekara hamsin ke nan waɗanda ba a ji su daga bakinsa kamar na ƙuruciyarsa ba, domin mai tambaya ya riga ya sami abin da yake nema, wato Hausar da zai koya.

Haka kuma Baba ta Karo, wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau. Tsakanin 1949 da 1950 ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarinta: harin masu kamun bayi, zuwan Turawa, aurenta huɗu, rashin haihuwa, da ɗiyan da ta riƙa har suka zama nata. Ta rasu cikin 1951, littafin ya fito da Ingilishi cikin 1954. Matan da suka yi daka da ita ba su sami karanta shi ba. Bubu Hama kuwa, ɗan Foneko ta ƙasar Tera, da hannunsa ya rubuta Kotia-Nima, inda ya zuba abin da ya gani tun ranar da aka ɗauke shi daga ƙauye zuwa makarantar Turawa. Shi ya zaɓi inda zai fara da inda zai tsaya, amma da Faransanci ya rubuta, harshen da yawancin talakawa ba su karantawa.

Darasin a fili yake. Wanda ya jira baƙo ya zo ya tambaye shi, baƙon ne zai yanke abin da za a adana. Wanda ya iya rubutu da harshen uwarsa ya kuɓuta daga wannan jira.

Abin ba ya son jinkiri. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta tafi da shaidunta duka, sai suna ya rage. Farin 1973 da 1974 ya karkashe dabbobi, ya tara makiyaya a sansanin Lazare kusa da Yamai. Yaron da ke da shekara 15 a lokacin, yau ya haura 65. Bayansa ga yunwar 1984, wadda mutanen karkara suka laƙaba wa El-Buhari domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, ga kuma ta 2005. Takardun hukuma sun riƙe adadin buhunan da aka raba da na shanun da suka mutu. Ba su riƙe yadda uwa ta jiƙa anza kwana da kwanaki tana sake mata ruwa har ɗacin ya fita ba, ko yadda aka ci jiga da tafasa, aka sussuke ƙarangiya, aka tone gidan tururuwa don tsabar da ke ciki. Ba su faɗi wace dabba aka fara sayarwa ba, da wadda aka riƙe har ƙarshe don garke ya sake tashi. Wannan sani yana cikin kawunan tsofaffi, kuma duk wanda aka kai kushewa ya tafi da rabonsa. Ranar da fari ya komo, jikoki za su buƙace shi.

Ba yunwa kaɗai ba ce. Akwai gurgun da shan inna ya kayar tun yana ƙarami, ya koyi ɗinki ko gyaran rediyo har ya aurar da ƙannensa. Akwai matar da yoyon fitsari ya raba da ɗakinta, ta sami aiki a likita, ta warke, ta komo cikin mutane. Akwai ɗan cin rani da ya dawo hannu wofi, ya kama noman rani bakin rijiya. Kowanensu yana da abin da zai faɗa wa wanda ke cikin irin halin yau, yana zaton shi kaɗai ne.

Wasu za su ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mai mutunci ba ya tallar talaucinsa. Maganarsu tana da tushe, gama kunya da rufin asiri su ne suka riƙe gidaje da yawa. Amma akwai bambanci tsakanin mai kuka don a ba shi da mai ba da labari don a koya. Dattijon da ya gaya wa ɗansa inda rami yake a hanya bai zubar da girmansa ba. Marubuci yana da ikon sakaya sunan kowa, ya rufe asirin maƙwabci da na matar da suka rabu, ya bar abin da zai tada husuma tsakanin dangi. Asirin kansa nasa ne, na wani kuwa amana ce.

Sharaɗi babba shi ne gaskiya. Ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Kada a ƙara wa wuya gishiri don a burge mai karatu ko a jawo taimakon wata ƙungiya. Kada kuma mutum ya mai da kansa gwarzon da bai taɓa kuskure ba. Wanda ya sayar da hatsinsa da kaka ya sayo shi ninki biyu da bazara, ya faɗi haka, domin kuskuren ya fi nasarar koyarwa. A rubuta shekara da sunan gari, da kuɗin tiya a lokacin. A rarrabe abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. A ambaci waɗanda suka taimaka, ko da da ƙwaryar fura ce, gama ba wanda ya taɓa fita rijiya ba tare da wani ya riƙe igiya ba.

Ma'aikatan hukuma suna da nasu rabo. Kamata ya yi malaman karatun manya su sa wannan cikin darasi, kowane ɗalibi ya cika ko da shafi biyu kafin ya karɓi takardar shaida. Wanda hannunsa bai faɗa ba, ya faɗa wa ɗansa ko jikarsa su rubuta, a karanta masa ya yarda. Gidajen rediyon karkara su ware lokacin karanta irin waɗannan labaru da izinin masu su. Cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda tun 1968 take tattara tarihin baka, da cibiyar bincike ta IRSH, wurare ne da suka dace da ajiyar kofi. Mai gyaran rubutu kuma ya tsaya ga gyaran baƙaƙe, ya bar wa Ba'adare da Bagobiri da Badamagare kowa karin harshensa.

Kaye guda da bik guda ba su kai kuɗin tiyar hatsi biyu ba. Duk gidan da ke da tsoho mai labari da yaro mai alƙalami, to, kayan aiki sun cika. Abin da ya rage shi ne a shimfiɗa tabarma bayan sallar isha'i, a fara tun mai waƙar yana nan.