Ba Kowane Jini Ba Ne Basir

'Yan uwana na Anu Araren, Cirozerin, Arlit da Akokan.

Ku yi mini haƙuri, yau zan yi maganar da ba a saba yi a bainar jama'a ba. Likitoci sun tabbatar mini ina da ciwon daji a dubura, wato ƙarshen babban hanji. Da gangan na faɗi sunan wurin, don kunyar faɗinsa ce ta cinye mini wata bakwai.

Wata bakwai ina ganin jini in na zaga. Na ce basir ne. Abokai a fada suka ce ai ɗankanoma ne, wa ya rasa shi? Na sha jiƙo, na sha sassaƙe, na sayi ƙullin masu lasifika a kasuwa. Jini bai tsaya ba. Bayan gida ya koma siriri, kullum ina jin kamar ban gama ba, wando ya soma yi mini yawa. Uwargida ce ta gaji ta ce, "Malam, in ba ka je likita don kanka ba, ka je don yaran nan."

Abin da na yi ta gudu bai kai minti biyar ba. Likita ya sa safar hannu ya duba da yatsa, ya ce in wuce Yamai. A can aka leƙa hanjin da na'ura mai kamara, aka ɗebi ɗan tsoka aka auna. Daren da sakamako ya fito ban runtsa ba, ina ta lissafin shekarun autana.

Washegari aka zaunar da ni aka yi mini bayani. Da farko gashi, wato a riƙa haska wurin da na'ura kwana biyar a mako, har kusan mako biyar, haɗe da maganin da ake kira shimiyo. Sai a huta 'yan makonni, sannan aiki. Mai yiwuwa a fitar da bakin hanji ta gefen ciki a maƙala jaka, na ɗan lokaci ko na dindindin. Maganar jakar nan ta fi komai tayar mini da hankali, saboda salla. Na tambayi malami, ya ce hukuncina na mai lalura ne, in tsabtace iya ƙoƙarina in yi sallata. Wallahi sai na ji an sauke mini dutse daga ƙirji. Yanzu ina mako na biyu na gashi. Akwai kasala, akwai zawo, akwai zafi wurin zama, amma ina cin abinci, ina takawa masallaci da ƙafata.

Na san abin da da yawa za su ce: uranium ne. Tun 1971 ake haƙarsa a Arlit, kuma da aka rufe mahaƙar Cominak a watan Maris na 2021 an bar tarin dusar ma'adini ta kusan tan miliyan 20 a gefen Akokan. Iskar radon da ke fita daga irin wannan tari sananniya ce wajen haddasa dajin huhu, kuma neman a tsabtace mana muhalli haƙƙinmu ne, ba za mu daina ba. Amma dajin dubura yana kama mutum a Maraɗi, yana kama mutum a Kano da Faransa. In muka tsaya ga neman mai laifi kaɗai, wanda ke zubar da jini a ɓoye yau ba mu yi masa komai ba.

Ga inda ƙorafinmu ya kamata ya dosa. Gawayin Anu Araren ne ke ba mahaƙai da garuruwan jihar Agadas wuta, uranium ɗinmu ya haska biranen wasu shekara 50, amma sai a 2021 Nijar ta samu cibiyar gashin daji ta farko, a Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Daga Arlit zuwa can wajen kilomita 1,200 ne, kuma kowa ya san halin hanyar Tawa. Ku auna wannan tafiya ga wanda zama ma azaba ne gare shi. Ga kuɗin mota, ga masauki na makonni, ga iyali an baro.

Don haka ina kira ga hukumomi su kawo na'urar leƙa hanji da ƙwararrunta kusa da garuruwan ma'adinai. Ƙungiyoyinmu da 'yan jiharmu mazauna Yamai kuwa, su haɗa asusu su kama gida guda da majinyatanmu za su riƙa sauka. Ni ɗan uwa na samu ya ba ni ɗaki, wani ba shi da kowa.

Kai kuma ɗan uwa, ke 'yar uwa, in jini ya ɗauki makonni yana fita, ko bayan gida ya sauya, ko rama ta zo babu dalili, a je a duba. Sau da yawa basir ɗin ne, a ba ka magani ka koma gida. In kuwa daji ne, wanda aka kama da wuri ana warkewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku sa ni a addu'a. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.