MOTA DA MAI ITA: Ranar da za a sauke bwat

Duk wanda ya san hanyoyin Safo da damina ya san kukan injin da ke ihu alhali mota ba ta gaba. Ranar Litinin ko Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi, akan cika tsohuwar Peugeot 504 ko Toyota Hilux da buhunan gero da wake, mutane su hau bisa kaya. In ta faɗa yashin kwarin gulbi, sai direba ya taka kuloci rabi, ya ba da wuta, fasinja su sauka su tura. Motar ta kan fita, amma sai wani wari na ƙuna ya biyo baya. Warin nan, dukiyar mai mota ce ke ƙonewa.

Kuloci, wanda ƴan garajinmu ke kira ambirayaj, shi ne ke haɗa ƙarfin inji da akwatin giya, wato bwat, ya kuma raba su in an taka feda. Abubuwa uku ne ke wannan aiki: faifan da ake kira disk, da plato mai matse shi a jikin bolan na inji, da bute mai tura plato ya saki. Yashi da lodin da ya wuce kima, da ɗora ƙafa bisa feda ana tafiya, su ne ke cinye faifan kafin lokacinsa. Gwajinsa ba shi da wuya: a ja birkin hannu, a sa giya ta 3, a saki feda a hankali. In inji ya mutu nan take, da sauran rai. In ya ci gaba da juyawa, ranar garaji ta zo.

A nan ne mai mota ke yin kuskuren farko. Sai ya miƙa makulli, ya ce a canza faifai kaɗai, ya koma rumfarsa ko ofishinsa. Dalilinsa sananne ne. Tun watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyaran da ke zuwa daga Faransa suka yi tsada, jama'a suka ƙara karkata ga kasuwannin Katsina da Kano. Rufe iyaka a 2019, da na 2023, sun sake nuna wa ƴan Maraɗi yadda kayan mota ke wuya in hanyar Ɗan Isa da Jibiya ta toshe. Amma mai karatu ya lura: wahalar aikin ba ta ga faifai, tana ga sauke bwat. Wanda ya bar tsohon bute don tsimi, zai sake biyan ladan aikin gaba ɗaya ranar da buten ya fara kuka. Araha ba ta ado.

Makaniken kirki yana farawa da cire wayar batir. Ba ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai, balle a kan yashi. Sai an kafa mata matokarai masu ƙarfi, an kuma tare tayoyi. Daga nan ya yi wa sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya alama kafin ya kwance ta, ya cire sitata da igiyar kuloci ko famfonsa, ya tallabe inji. Ana jan bwat baya ne a miƙe. In yaran garaji suka bar nauyinsa ya rataya a kan sandar da ke shiga faifai, ɓarna ta samu tun ba a fara gyara ba. Kusoshin plato kuwa ana sassauta su kaɗan-kaɗan, wannan da kishiyarsa, don kada ya karkace.

Yanzu ne ya kamata mai mota ya matso, domin gani ya kori ji. Ya dubi faifai: in fuskarsa ta cinye har ta kusa kan ƙusoshin da ke riƙe da ita, ko ƙananan sifirin na tsakiya suna girgiɗi, ya gama aiki. In akwai mai a jikinsa, to laifin na robar da ke tare mai ce a bayan inji ko a bakin bwat; in ba a canza ta ba, sabon faifai ma zai jiƙe. Ya shafa fuskar bolan: tabo mai shuɗi-shuɗi da tsaga da kwari alamun zafi ne, sai an kai shi an goge a injin ko an musanya. Ya dubi yatsun plato ko sun zaizaye, ya juya bute da hannu ya saurara. Ƙurar da ke ciki kada a hure ta da baki ko da iska. Tsofaffin faifai na ɗauke da asbestos mai lahanta huhu, wanda Faransa ta haramta tun 1997. Tsumma mai laima ya isa.

Wajen saye, sunayen Valeo da Sachs da Aisin suna da daraja, shi ya sa masu jabu ke buga su a kwali. A je da tsohon faifai shago, a gwada faɗinsa, a ƙirga haƙoran tsakiyarsa.

Mayarwa ta fi cirewa bukatar haƙuri. Ana wanke bolan da plato har su rabu da maiƙo. Faifai na da gaba da baya. In aka juya shi, giya ba za ta shiga ba. Dole ne ya zauna daidai tsakiya kafin a ɗaure plato, kuma tsofaffin makanikai na ajiye sandar mataccen bwat musamman don wannan. Giris ɗan kaɗan ake shafa wa haƙoran sanda. In bwat ya ƙi zama, a ja shi baya a sake daidaitawa. Wanda ya jawo shi da ƙarfin kusoshi ya lanƙwasa sabon faifai. A ƙarshe a gyara tazarar feda, a gwada mota a hanya, a ba mai ita tsofaffin kayansa a hannu.

Sauran aikin na direba ne. In mota ta kafe a yashi, a sauke buhu biyar, a haƙe gaban taya, a shimfiɗa kara ko katako. Minti ashirin na zufa sun fi kwana uku a garaji, buhunan wake suna jira kasuwa tana watsewa.