Fitar Farko Zuwa Ƙasar Waje: Ɗan Daura Ya Fara Da Damagaram

Gabatarwa

Duk lokacin da hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, ba a rasa jin ɗalibai suna hirar inda za su so su je da Allah zai hore musu abin tafiya. Wannan ya ce Landan, wancan ya ce Dubai, wani kuma ya ce shi dai Alƙahira. Da wuya a ji wanda ya ambaci Maraɗi ko Damagaram, har a bakin 'yan ƙasar Daura waɗanda gonakin wasunsu ke kan iyaka. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa ɗan Daura, musamman mai nazarin Hausa, ba shi da birnin da ya dace ya fara baƙunta a ƙasar waje kamar Damagaram, watau birnin da Turawa ke kira Zinder. Za a kuma bayyana abin da ya kamata ya gani da abin da ya kamata ya yi in ya isa.

Dalilin Zaɓen Damagaram

Dalili na farko shi ne kusanci. Daga Daura zuwa Damagaram bai kai nisan Daura zuwa Kaduna ba. Mota takan bi ta Kongolam, ta tsallaka zuwa Ɗan Barto, ta ratsa Matamai da Kance da Takeita, sannan ta shiga birni. Wanda ya yi sammako, in hanya ta yi kyau, can zai yi sallar Azahar. Kuɗin da ba zai isa ko neman biza zuwa Turai ba yana iya kai ɗalibi ya komo da shi.

Dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne tarihi. Lokacin da Malam Isiyaku ya ci Daura a zamanin jihadi, wajen 1805, Sarkin Gwari Abdu da jama'arsa sun fice daga birni. Danginsa sun kafa sarauta a Zango da Ɓaure, kuma a tsawon ƙarni na 19 waɗannan garuruwa sun zauna ƙarƙashin inuwar Damagaram. Daga Zango ɗin ne Ingilishi suka ɗauko Malam Musa suka mayar da shi gadon kakanninsa a farkon ƙarni na 20, kuma zuriyarsa ce ke sarautar Daura har yau. M. G. Smith ya yi dogon bayani a kan wannan rabuwa a littafinsa The Affairs of Daura na 1978. Ke nan wanda ya san Kusugu da Tsohon Birni da fadar Daura, amma bai taɓa taka Damagaram ba, rabin labarin garinsu kurum ya sani.

Ita kanta iyakar da za a tsallaka ba ta daɗe ba in an gwada ta da shekarun garuruwan da ta raba. Ingila da Faransa ne suka yi ta ja-in-ja a kanta tun daga 1890, suka sake zama a 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi daji ana kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Babu wanda ya nemi shawarar manomin da aka raba shi da gonarsa, ko matar da aka wayi gari gidan iyayenta yana wata ƙasa, gidan mijinta yana wata.

Abin Da Za A Gani

Tsohon garin Damagaram kashi biyu ne, Birni da Zango, kuma a Birni ya kamata baƙo ya fara. Nan ne fadar Sarki take, nan ne kuma manyan duwatsun nan suke, waɗanda aka gina gidaje a gindinsu da tsakaninsu, har lungu ya bi ta inda dutse ya bar masa hanya. Gidan sarautar asalinsa daga Barno yake, don haka mai lura zai ji kamannin Barebari a sunayen sarautu da tsarin fada, alhali kuwa Hausa ce harshen gari. Sarkin da ya ɗaukaka birnin shi ne Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884 bayan ya yi fiye da shekara 30 a kan gado. Shi ya kewaye birni da ganuwa, ya tara bindigogi, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a cikin gari. Yawancin ganuwar ta zube, amma akwai sauranta, kuma fadar tana nan da dogaranta. A 2006 ƙasar Nijar ta sa Birni da fadar cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.

A nan akwai abin da bai kamata a ɓoye wa ɗalibi ba. Wannan ƙasaita ba da fataucin fata da gashin jimina kaɗai aka gina ta ba. Da yawanta daga harin bayi ta fito, kuma waɗanda aka kama ɗin talakawan ƙauyuka ne na ƙasashen da ke kewaye. Wanda ya tsaya gaban ƙofar fada yana sha'awar gini, ya tuna da waɗanda suka ɗauki ƙasar ginin a ka. Yawon buɗe ido da ba ya barin mutum ya tuna da wannan bai buɗe masa kome ba.

Daga Birni sai Zango, unguwar fatake. Nan ne ayarin Abzinawa ke sauka a da, da kayan Tarabulus da gishirin Bilma. Abin kallo a Zango shi ne zanen gidaje. Attajiran da suka gina unguwar sun yi gasar ƙawata fuskar zaurukansu da dagi da sauran zane-zane masu launi, ga zankwaye a bisa. Ɗalibin da aka koya wa sana'ar gini a darasin al'ada, ya rubuta ta a jarrabawa ba tare da ya taɓa ganin aikin gwanayenta ba, a nan zai gane cewa gani ya kori ji. Ya yi sauri kuwa, domin siminti da kwano suna cin waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda suka ci na Daura da na Kano.

Sai tsohuwar barikin Faransawa da ke bisa dutse tana leƙen Birni. Wannan gini shaida ne na yadda mulki ya sauya hannu. A 1898 aka kashe wani hafsan Faransa mai suna Kazamaju a Damagaram, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, wanda ya taɓa kai yaƙi har Gezawa a ƙasar Kano. A 1899 Faransawa suka komo da ƙarfi, suka karya rundunarsa a Tirmini, garin da matafiyi zai wuce kafin ya shiga birni. A 1906 suka tuɓe Sarki Ahmadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kwaddibuwa, ba su sake naɗa cikakken Sarki ba sai 1923. A kwatanta wannan da abin da ya faru a Daura a shekarun nan, inda Ingilishi suka mayar da tsohon gidan sarauta suka yi mulki ta hannunsa, har Sarki Abdurrahman ya zauna kan gado daga 1911 zuwa 1966. Bambancin da ke tsakanin mulkin mallakar Ingila da na Faransa, wanda ake ta haddacewa a aji, ga shi nan a fili tsakanin garuruwa biyu maƙwabta. Damagaram ce ma hedkwatar ƙasar Nijar daga 1911 har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai.

Abin Da Za A Yi

Kallo kaɗai ba ya isa. Aiki na farko ga mai nazarin Hausa shi ne ya buɗe kunne, ya kuma riƙe ɗan littafi da alƙalami a aljihu. Hausar da zai ji tasa ce, amma ta sha wani ruwa dabam. Inda Hausar Nijeriya ta ara daga Ingilishi, ta Nijar daga Faransanci ta ara. Zai ji ana cewa lakwal a maimakon makarantar boko, mushe a maimakon malamin makaranta, lokotoro a maimakon likita, kamiyo a maimakon babbar mota, almeti a maimakon ashana. Kwana uku a tashar mota da kasuwa za su ba shi misalan aron kalmomi fiye da abin da zai tsinta a zango guda na karatu, kuma daga bakin masu su.

Aiki na biyu shi ne cin kasuwa. Babbar kasuwar garin ita ce Kasuwar Dole, ranar Alhamis kuma ta fi cika. A nan zai ga aikin dukawa da majema, wanda Damagaram ta yi suna a kansa, da cuku da dabino da kantun gishiri daga arewa. Sai dai ya yi hattara da lissafi. Kuɗin ƙasar sefa ne, kuma da dala ake ƙirga shi, dala ɗaya tana daidai da sefa 5. In mai kaya ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Jika kuwa, wadda a Nijeriya take naira 200, a can sefa 1,000 ce. Wanda ya sami ranar Lahadi a garin yana iya leƙa kasuwar Mirya, wadda ba ta da nisa daga birni ta wajen gabas.

Aiki na uku shi ne neman masana. Akwai jami'a a garin wadda aka sa wa sunan Andire Salifu, masanin tarihin da ya wallafa littafi a kan Damagaram a 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimu. Ɗalibanta da yawa Hausawa ne, amma abin da suka karanta a kan Hausa da Faransanci yake, na wannan ɓangare kuma da Ingilishi, har ya zamana 'yan ɗaki ɗaya ba sa karanta aikin juna. Gaisuwa da musayar takardu tsakanin ɗalibai biyu na iya fara ɗinke wannan ɓaraka. Mai sha'awar waƙa kuma ya nemi tsofaffin fada su ba shi labarin Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin Sarkin Damagaram. Wanda ya dace da lokacin bukukuwa yana iya ganin wasan kara da hawan ƙaho da kokawa, wadda a Nijar ake yi wa gasa ta ƙasa baki ɗaya tun 1975, a ba zakara takobi.

Ladabin Baƙunta

Bahaushe ya ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Kada ɗaya harshe ya ruɗi matafiyi ya manta cewa wata ƙasa ya shiga, mai dokokinta. Ya tafi da fasfo da katin rigakafin shawara. Kada ya ɗauki hoton soja ko bariki ko ofishin hukuma, kada kuma ya ɗauki hoton mutum ko gidansa sai da izini. In zai shiga fada ya nemi iso ta hannun fadawa, ya tuɓe takalmi inda ake tuɓewa. Damagaram gari ne mai wahalar ruwa, saboda haka baƙon kirki ba ya ɓarnar ruwan mai masaukinsa. Lokacin sanyi ya fi daɗin tafiya, kuma da rana ake yin ta. Abu mafi muhimmanci, ya bar girman kan nan na cewa shi ɗan babbar ƙasa ne a gida. Ya je a matsayin mai neman sani.

Masu Suka

Wani zai ce ai wannan ba fita waje ba ce, tunda tuwo ɗaya ake ci, harshe ɗaya ake yi. Amsa ita ce, wannan ɗin ne amfaninta. Wanda ya fara da ƙasar da kome nata baƙo ne, mamaki kan cika masa ido har ya kasa tantance kome, ya komo da hotuna da tsaraba kurum. Wanda ya je inda kashi tara cikin goma irin na gida ne, kashi ɗayan da ya bambanta zai fito masa sarai, ya tambayi dalilinsa. Daga irin wannan tambaya nazari ke farawa. Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya taso tun daga Jamus ya kwana fiye da wata guda a Damagaram daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853 yana rubuta abin da ya gani. Abin kunya ne a ce ɗan Daura sai ya buɗe littafin Bature kafin ya san garin da ke bayan gidansu.

Wani kuma zai kawo zancen rashin tabbas na iyaka, kuma yana da gaskiya. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa daga 2019 zuwa 2020, haka kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. A Janairu 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. Wajibi ne matafiyi ya tambayi direbobin tasha da jami'an shige da fice halin da hanya take ciki kafin ya ɗaura kaya, in an ce a dakata ya dakata. Amma wannan hujja tana da baki biyu. Tunda gwamnatoci na iya rufe ƙofa a dare ɗaya, to lokacin da take buɗe ne ya kamata a shiga a ƙulla zumunci, domin shi ne zai rage in an sake rufewa.

Kammalawa

Ba a hana kowa burin ganin Landan ko Alƙahira ba, Allah ya kai mai rabo. Abin da ake cewa shi ne a bi tsani daga matakinsa na ƙasa. Yana da kyau ƙungiyoyin ɗaliban Hausa da na ɗaliban ƙasar Daura su sa Damagaram cikin ziyarce-ziyarcensu na shekara, malamai kuma su karɓi rahoton irin wannan tafiya a matsayin aikin jinga. Zumunta dai a ƙafa take, kuma wannan tafiya ce da ƙafar ɗalibi za ta iya.